Me ya sa shadda take fitowa a hoto, fuska kuwa ta ɓace?

Duk wanda ya leƙa WhatsApp ko Facebook na mutanen Tahoua washegarin Sallah ya san irin hotunan da nake nufi. Samari sun jeru a ƙofar gida, farar shadda tana ɗaukar ido, sama ta yi fari fat, fuskoki kuwa sun nutse cikin duhu, ba a ganin komai sai haƙora da ɗan ƙyallin goshi. Wani lokaci akasin haka ake samu: fuska ta fito, amma aikin da maɗinki ya kwana yana yi a wuyan riga ya narke, ko zare ɗaya ba a gani. Abin da ake faɗa kullum shi ne, "Wayar ce ba ta da kyamara," daga nan sai a shiga tara kuɗin wata. A ganina sau da yawa salular ba ta da laifi. Hasken ƙasarmu, da launin fatarmu, da irin tufafin da muke so, su ne suka haɗu suka ba kyamara aikin da ba za ta iya yanke hukunci a kansa ita kaɗai ba, sai mai riƙe da ita ya sa baki.

Kowace kyamara, ta salula ko babba, tana da ma'aunin haske a cikinta. Kafin ka danna, ta riga ta auna hasken da ke dawowa daga abin da ke gabanta, ta yanke yawan wanda za ta bari ya shiga. An gina ma'aunin nan a kan zato guda, cewa in aka cakuɗa duk fari da baƙi da launukan da ke cikin hoto za su tashi ruwan toka matsakaici, irin wanda ke mayar da kusan kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Halinsa irin na dillalin kasuwar bisashe ne, duk cinikin da aka kawo masa sai ya raba tsakiya. In hoto ya cika da farar riga da yashi da sararin sama, sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage har farin ya koma toka-toka, fuskar da dama ta fi rigar duhu nesa ba kusa ba sai ta ɓace. In kuma duhu ya rinjaya, kamar mace cikin baƙin hijabi a tsakar ɗaki, sai ya ƙara har fatar ta koɗe, baƙin ya yi kamar ya sha wanki.

Bayan wannan akwai iyakar da faifan karɓar haske yake da ita. Idon mutum yana iya duban bakin titi da rana ta ƙwalle, ya dubi cikin zaure, ya ga duka biyun, domin ido da ƙwaƙwalwa suna ta gyara ba tare da mun sani ba. Faifan kyamara, musamman ɗan ƙaramin da ke cikin salula, ba ya ɗaukar tazara mai faɗi haka a ƙiftawa ɗaya. Tsakanin wurin da rana ke duka da inuwar bango, bambancin haske yakan kai ninki 8 zuwa 16. Ka ɗora bambancin farar shadda da baƙar fata a kan wannan, ka ga taura biyu ke nan, ba sa taunuwa lokaci ɗaya.

Matsalar tsohuwa ce, kuma da hannun masu ƙera kayan a ciki. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa gidajen wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, da shi ake daidaita launi, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da kati mai mata uku masu launin fata daban-daban. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix da suka cika aljihunanmu, ya yi suna a Afirka ne har da gyara kyamarorinsa domin baƙar fata, Google ma ya fito da nasa gyaran a 2021. Wayoyin yanzu suna gane fuska, suna ɗaukar hotuna da yawa a dannawa ɗaya su haɗa su, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Amma duk wayon manhaja, ba ta iya ƙirƙiro hasken da bai sauka a kan fuska ba.

Nan ne maganar ranarmu ta shigo, kuma ita ce na fi so a tsaya a kanta. Tahoua tana kusan digiri 15 arewa da tsakiyar duniya. Sau biyu a shekara, wajen farkon Mayu da wajen tsakiyar Agusta, rana takan bi daidai tsakar ka, sauran watanni ma ba ta sauka sosai. Hasken da ya faɗo daga sama kai tsaye yana haska goshi da karan hanci, ya bar ramin ido da ƙarƙashin haɓa cikin duhu. In mutum ya sa hula ko ya naɗa rawani, rabin fuskar ya tafi. Kuma da yake rana a nan kusan a miƙe take hawa, lallausan hasken safiya ba ya daɗewa, cikin awa guda ya fara kaushi. Shi ya sa hotunan dawowa daga idi suke wahala: lokacin da aka gama gaishe-gaishe aka ce a tsaya a ɗauka, hantsi ya riga ya dubi ludayi. Daga walaha har bayan azahar, lokaci ne da ya kamata mai son hoton mutane ya guji fili. La'asar sakaliya ita ce ta hoto, sa'ad da rana ta kwanta, haskenta ya yi ja, ya shiga ido daga gefe. Ita ma gajera ce, kuma da zarar rana ta faɗi duhu ba ya jira.

Amma ba kullum ake zaɓen lokaci ba. Ana raɗin suna da safe, ana ɗaurin aure da rana tsaka. Maganin da ya fi kowane sauƙi shi ne a matsar da mutum. "Alhaji, don Allah ɗan matso nan inuwa," ko "Inna, juyo ki fuskanci ƙofa," ya fi duk wani maɓalli da ke cikin waya aiki. Wurin da ya fi kyau shi ne bakin inuwa, inda rana ba ta taɓa mutum amma fili mai haske yana gabansa: bakin zaure, ƙarƙashin rumfa, gefen bangon da rana ta ba baya. A nan yashin tsakar gida da bangon da ke fuskantarsa suna mayar masa da haske mai faɗi, mai laushi. Baƙar fata da irin wannan haske take nuna kyanta, domin siffar fuskarmu tana fitowa ne ta ɗan sheƙin da ke bin kunci da goshi, kuma in hasken ya fito daga wuri mai faɗi sai sheƙin ya bazu a hankali, maimakon ya taru wuri ɗaya kamar gumi. Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, yawancin aikinsa da hasken rana ya yi shi a tsakar gida, da zane rataye a bayan mutum, kuma har yau in ka dubi hotunansa za ka ga saƙar riga da fatar fuska duka sun fito. Inuwar da za a guje wa ita ce ta bishiya mai ganye tsilla-tsilla, irin ta gawo ko bagaruwa, wadda ke zuba ɗigo-ɗigon rana a fuska.

Bayan an samu wuri, sai a gaya wa waya abin da ake nufi. Taɓa fuskar mutumin a kan gilashin wayar. Yawancin wayoyi za su saita a wurin, su sake auna haske da shi, kuma wata ƴar alamar rana za ta fito wadda ake ja sama ko ƙasa. Akwai abin lura a nan da ba a cika faɗa ba: in fatar ta yi duhu sosai kuma ka taɓa ta, ma'aunin zai so ya ɗaga ta zuwa ruwan tokan nan nasa, sai ta yi haske fiye da yadda Allah ya yi ta, rigar kuma ta ƙone. Don haka bayan taɓawa, ja alamar ƙasa kaɗan har ka ga aikin wuyan riga ya dawo. Dalili shi ne, wurin da ya yi duhu kaɗan ana iya ɗaga shi daga baya a gyara, amma wurin da ya ƙone fari fat babu komai a cikinsa da za a dawo da shi. In dole sai an sadaukar da wani abu, a sadaukar da sama. Ba wanda zai buɗe hoton kakarsa bayan shekara ashirin yana neman gajimare.

Ina kuma roƙon a kashe abin nan na ƙara kyau da wayoyi da yawa ke zuwa da shi a kunne. Yana goge fata ya haskaka ta, ya share zane da ƴar tsagar gado da layin murmushi, sai tsohuwa ta fito da fuskar da ba tata ba. Hoton da za a ajiye wa jikoki ya kamata su gane mai shi.

Wanda ke da babbar kyamara, ko wayar da ke ba da damar saiti da hannu, yana da abubuwa uku da zai juya. Akwai faɗin ƙofar da haske ke bi, wanda ake rubutawa f/2, f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16, kowane mataki yana rage haske da rabi, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Akwai tsawon lokacin da ƙofar ke buɗe, 1/125 na daƙiƙa yana shigar da ninki biyu na 1/250. Sai ISO, wato yadda ake ƙara wa faifan ƙarfin ji, 200 ninki biyu ne na 100, amma duk yadda aka ɗaga shi haka hoton ke ƙara tsaki-tsaki. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce, a rana tarwai f/16 da ISO 100 da 1/125 za su ba ka kusan daidai. A yawancin salula faɗin ƙofar ba ya canzawa, kullum yana wajen f/1.8 ko f/2, saboda haka lokaci da ISO kaɗai wayar ke wasa da su.

Amfanin sanin wannan yana bayyana a filin kokowa. Gasar takobi ta ƙasa a nan Tahoua aka fara ta a 1975, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin ɗaukar kaye ya san yadda hannu da ƙafa ke zama hayaƙi a hoto. Don a tsayar da ɗan kokowa a sama ana buƙatar 1/500 ko 1/1000. Da la'asar akwai hasken da zai ɗauki wannan. Da rana ta yi ƙasa dole a ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600, kuma gara hoto mai tsaki-tsaki wanda aka ga kayen da mai santsi wanda ba a gane wa ya kada wa ba. A salula, a yi amfani da ɗauka a jere, wadda ke zuba hotuna da yawa cikin daƙiƙa, kuma a fara tun ana riƙe-riƙe, domin in ka jira ka ga faɗuwa kafin ka danna, ka makara.

Da dare lissafin yana juyewa. A fada, wato majalisar hira ta samari, ƙarƙashin ƙwan lantarki ɗaya, ana dafa shayi, wayar takan bar ƙofa a buɗe har 1/15 na daƙiƙa ko fiye, kuma a wannan tsawon ko numfashinka yana girgiza hoto. Manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ko ka ɗora wayar a kan bango ko sirdin babur, ka sa ta ƙirga daƙiƙa 2 ko 3 ta ɗauka da kanta. Ka juyo da mutane su fuskanci ƙwan, kada ya kasance a bayan kansu. Filashin waya ɗan ƙarami ne, kuma haske yana raguwa da sauri: in nisa ya ninka biyu, abin da ke isa kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. Bayan mita 2 ko 3 ba ya haska komai sai ƙurar da ke gabanka. Ranar layya, lokacin da aka jera raguna a kan itace kewaye da wuta har yamma ta yi, filashi ma ɓata hoton yake, domin yana kashe jan hasken garwashi, wanda shi ne abin kallon. In kuma ka ga ratsi-ratsi baƙaƙe sun bi hoton da aka ɗauka a ƙarƙashin fitilar lantarki, wutarmu ce mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, saita lokaci a 1/50 ko 1/100 yakan kore su.

"Hoton ya yi dishi-dishi" magana ɗaya ce, amma cututtukan da ke ƙarƙashinta sun bambanta, kuma hoton da kansa yana nuna wacce ce. Buɗe shi ka jawo. In bangon baya ya fito tsaf amma fuska ta yi laushi, saiti ne ya sauka inda ba a so, wayar ta zaɓi abin da ya fi mata kaifin layi. In komai ya ja gefe ɗaya, har bango, hannunka ne. In bango ya tsaya cak amma yaro ya zama inuwa, shi ne ya motsa, kuma yanayin dare na waya ba zai taimaka ba, domin shi hotuna da yawa yake tarawa cikin ƴan daƙiƙoƙi, yana son abin da ba ya motsi. In kuwa duk hoton ya yi hazo, fitilu suna da jela, to maiƙon yatsa ne a kan gilashin kyamara. Wannan na ƙarshe ya fi yawa fiye da yadda ake zato, waya tana kwana a aljihu da gumi da ƙura. A hure ƙurar tukuna kafin a goge da ƙyalle mai laushi, don yashi yana karce gilashi.

A hoton mutum, ido ake saita wa, wanda ya fi kusa da kyamara. Buzu da ya naɗe fuska da rawani ya bar ido kaɗai, wayar takan kasa gane cewa fuska ce, sai ta kama ƙyallin turkuɗi ko abin da ke bayansa. Taɓa idon ka riƙe yatsa har saitin ya kulle. Yanayin da ke narkar da abin da ke bayan mutum kuwa, a salula lissafi ne na manhaja, kuma yakan cinye gefen ɗaurin ɗankwali, da ƴan kunne, da bakin hula. A hoton jama'a masu layi biyu ko uku a kashe shi, in ba haka ba na baya za su narke. Masu ɗaukar lallen amarya su ma su sani waya tana da iyakar kusanci, in ta matso ƙasa da wajen faɗin tafin hannu ba ta iya saiti, gara a ja baya a yanke hoton daga baya.

Hunturu yana da nasa hali. Buji yana dusashe nesa, ya cinye launi, kyamara ta yi ta neman abin kamawa ba ta samu ba, saboda haka ba lokacin ɗaukar duwatsun Adar daga nesa ba ne. Amma ƙurar nan tana tace rana, kuma ranar da hazo ya rufe gari za ka iya ɗaukar fuska a fili da azahar ta fito lafiya. Mai babbar kyamara dai kada ya cire gilashinta a cikin iska.

Tsarin hoto ba ya buƙatar dogon bayani, abin da yake so shi ne a dubi gefuna huɗu kafin a danna. Idonmu yana manne wa wanda muke ƙauna, ba ma ganin turken lantarki da ya tsiro daga kansa, ko baƙar leda da ta maƙale a ƙaya, ko bokitin wanki a kusurwa, kyamara kuwa duka take kwashewa. Taki ɗaya zuwa dama yakan kawar da su. Layukan da ke raba fuskar waya gida uku-uku suna da amfani, ko ba don komai ba don ruwan tafkin Tabalak kada ya karkata, kuma ajiye mutum a kan layin gefe da barin fili ta inda yake kallo yana ba hoto sarari. Ban ɗauki wannan a matsayin doka ba. Dattijo da ya zauna da babbar riga yana kallonka ido cikin ido, tsakiya ce wurinsa. Yaro kuma a durƙusa a ɗauke shi daidai tsayinsa, daga sama kansa ne kawai ke girma. Kada a yanke mutum a gwiwa ko wuyan hannu ko idon sawu. Kuma kada a tsaya nesa don kunya: tulin albasar Galmi da ya cika hoto har gefe, da hannun mai sayarwa a ciki, ya fi faɗin labarin kasuwa a kan hoton kasuwar gaba ɗaya da ba a san inda za a duba ba.

Kusancin ma da iyaka. Babban gilashin salula mai faɗin gani ne, in ka kawo shi dab da fuska hanci zai kumbura, kunnuwa su ja baya, kuma waɗanda ke gefen hoton jama'a sukan yi faɗi. Ja baya kamar mita 2, in wayar tana da gilashi na biyu mai jawowa ka yi amfani da shi. Jawowa da yatsu biyu a wayar da ba ta da shi yanka ne kawai da buɗawa, ba ya ƙara komai.

Matsowa kusa yana nufin sai an yi magana da mutum, kuma haka ya dace. A yi sallama, a nemi izini, musamman ga mata da ƴaƴan mutane, a nuna musu abin da aka ɗauka, in sun ce a goge a goge. Wuraren jami'an tsaro kuwa a bar su gaba ɗaya.

Hoto mai kyau ma yana iya lalacewa a hanya. WhatsApp yana matse hoto don ya rage nauyi, kuma duk lokacin da aka ɗauki hoton fuskar waya aka sake turawa, wani abu yana zubewa, har aikin riga da ka sha wahalar fitarwa ya koma dunƙule. Tun 2023 akwai zaɓin HD, wanda ke rage matsewar, wajen turawa, kuma in aka aika hoto a matsayin fayil yana isa yadda yake. Wanda za a kai a wanke a sa a bango, a kai na asali daga wayar da ta ɗauka, a kuma ajiye kwafinsa a katin ajiya ko kwamfuta kafin a taɓa shi da gyara.